Tarihin Tsayar da Jinin Tumbi da Haɗurran da Suka Biyo Bayansa

Idan hanta ta ƙandare, ko dai saboda ciwon hanta na ƙwayar cuta ko kuwa tsargiyar hanji, jinin da ya saba ratsa ta sai ya nemi wata hanya. Daga nan jijiyoyin maƙoshi da na tumbi su kumbura, har wata rana ɗaya ta fashe, majiyyaci ya kama aman jini. Shekaru aru-aru likitoci ba su da abin yi a kan wannan.

A cikin shekarar 1939 wasu likitocin Suwidin biyu, Crafoord da Frenckner, suka zura bututun ƙarfe ta baki, suka yi wa jijiyoyin maƙoshi allurar da ke busar da su. Wannan dabara ta bunƙasa bayan da Basil Hirschowitz ya fito da madubin leƙa ciki mai lanƙwasuwa a Amurka cikin 1957. Amma a tumbi ba ta yi kyau ba, domin jijiyoyin can sun fi girma, jini kuma ya fi gudu a cikinsu. Sau da yawa sai wurin allurar ya zama gyambo, jini ya sāke ɓallewa.

Cikin 1986 Nib Soehendra, a birnin Hamburg na Jamus, ya bayyana wata hanya, watau ɗura wani gam da ke daskarewa da zarar ya taɓa jini. An ceci rayuka masu yawa da shi, sai dai halin da ya sa ya yi amfani shi ne kuma haɗarinsa. In ya daskare da wuri, allura takan maƙale a jijiya, ko madubin ya toshe. In ya yi jinkiri, jini yakan kwashi gutsurensa ta jijiyar ƙodar hagu zuwa huhu, wani lokaci kuma ya isa saifa ko ƙwaƙwalwa. Har ila yau, bayan makwanni jiki yakan turo dunƙulen gam ɗin waje, ya bar miki.

Saboda haka likitoci suka koyi rage yawan gam a kowace allura, daga baya kuma suka riƙa fara dasa murɗaɗɗiyar waya a jijiyar don ta riƙe shi. Haɗarin ya ragu, amma har yau wajibi ne a bayyana wa majiyyaci da danginsa shi kafin a taɓa shi.