Siminti da Amana: Farfaɗowar Nijeriya Bayan Yaƙin Basasa, Kamar Yadda Take daga Idumota da Agege

Ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a Barikin Dodan da ke Legas, bayan wata 30 ana gwabza yaƙi. Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma shelanta manufa mai rassa uku: sulhu, sake gini, da tsugunar da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Abin da aka saba karantawa game da shekarun da suka biyo baya shi ne cewa Nijeriya ta miƙe da sauri, ba tare da wani gagarumin tallafi daga waje ba. Idan gadoji da lissafin baitulmali ne ma'auni, wannan gaskiya ce. Amma ra'ayin wannan maƙala shi ne gwamnati ta sake gina abin da ake iya yanka masa kyalle a buɗe, ta bar jarin ƙaramin ɗan kasuwa da hanyar da yake samun bashi, wani lokaci ma ta yi musu lahani. Waɗanda suka ɗinke wannan ɓarakar su ne 'yan kasuwar da kansu, kuma kasuwar Idumota da zangon Agege na daga wuraren da aka fi ganin haka.

Jirgin ƙasan da ya taso daga Kano, tun da dogo ya isa can a 1911, sai ya ratsa Agege kafin ya tsaya a tashar Iddo. Daga Iddo kuwa gadar Carter ce ke sauke mutum da kayansa a tsakiyar Idumota. Agege ta zama mazaunin Hausawa ne saboda goro da shanu: ana tara goron gonakin Yarabawa a ɗaure shi huhu-huhu a tura Arewa, shanu kuma su gangaro Kudu. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, layin dogo na gabas da ke zuwa Fatakwal ya yanke, sai gyaɗa da auduga da kuzar Arewa suka koma bin hanya guda, wato ta Legas zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. A 1968 haƙar mai ta faɗi warwas, don haka koko da gyaɗa ne suka riƙe kuɗin musaya. Obafemi Awolowo, kwamishinan kuɗi na tarayya daga 1967 zuwa 1971, ya yi suna da cewa ya ɗauki nauyin yaƙin ba tare da cin bashin waje ba. Ba kasafai ake ƙarasa zancen ba: wani kaso na wannan nauyin ya faɗa ne a kan manomin Ɗambatta da na Ondo, waɗanda hukumomin sayen amfanin gona ke biya ƙasa da farashin kasuwar duniya.

Ba a rasa shiri ba. Tun Maris 1969, ana tsakiyar yaƙi, aka yi babban taro a Badun kan sake gina ƙasa, wanda Allison Ayida da H. M. A. Onitiri suka tattara bayanansa. Daga nan tsarin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974, ya samo asali. An gyara gadar Neja ta Anacha, an tayar da kamfanin siminti na Nkalagu, an maido da wutar lantarki a gabas. Sai kuma mai ya shigo ya sauya lissafin gaba ɗaya. Haƙar da ba ta kai ganga 200,000 a rana ba a 1968 ta haura miliyan 2 a 1974. Nijeriya ta shiga OPEC a 1971, farashin ganga kuma ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Tsarin raya ƙasa na uku, wanda aka fara a 1975, an yi masa kasafin naira biliyan 30, kusan ninki goma na wanda ya gabace shi. Legas ta samu babban filin wasa na Surulere, da gadar Eko, da gidan wasan kwaikwayo na Iganmu. A 1975 aka yi odar siminti tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, har jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran sauke kaya, ana biyan su tarar jinkiri, simintin kuma yana daskarewa a cikinsu. An yi tuya an manta da albasa, domin a duk wannan hidima babu wani tanadi mai ƙwari ga mutumin da yaƙi ya cinye masa uwar kuɗi.

A Janairun 1968 gwamnatin tarayya ta sauya takardun kuɗi domin ta kashe darajar waɗanda ke hannun Biyafara. Bayan yaƙi, dokar da aka kafa a 1970 kan ajiyar bankuna a jihohin gabas ta tanadi cewa duk wanda ya taɓa asusunsa a lokacin yaƙi, ko ya kawo kuɗin Biyafara, fam 20 zai karɓa, komai yawan abin da yake da shi. Masu kare matakin, har da Awolowo kansa daga baya, suna da hujja: an buga kuɗin Biyafara ba tare da wani abin da ya tsaya masa ba, karɓarsa ɗaya bisa ɗaya zai jefa ƙasa cikin hauhawar farashi, kuma wanda bai taɓa asusunsa ba an mayar masa da kuɗinsa. Hujjar tana da nauyi ta fuskar kare darajar kuɗi. Inda ta gaza shi ne abin da ya kamata ya biyo baya.

Jamus ta Yamma ma ta yi irin wannan aski. A Yunin 1948 aka soke tsohon kuɗinta, aka ba kowane mutum mak 40 a hannu, daga baya aka ƙara 20, ajiyar banki kuwa kowace 100 ta koma 6.5. Amma a 1952 ta kafa dokar raba nauyin asara, wadda ta ɗora wa masu dukiyar da ta tsira harajin rabin ƙimarta, a biya sannu a hankali cikin shekara 30, a rama wa waɗanda suka rasa gida da sana'a. An kuma kafa bankin KfW a 1948 domin ba da rancen sake gini. Ana yawan ambaton dala biliyan 13 na shirin Marshall da Amurka ta zuba a Turai, amma a ganina wannan doka ta cikin gida ta fi dacewa da abin da muke tattaunawa. Nijeriya ta yi askin, ba ta yi ramuwar ba, alhali cikin shekara huɗu kuɗin yin ta ya samu.

Sai dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. Ta keɓe sana'o'i 22 ga 'yan Nijeriya zalla, ciki har da cinikin sari-ka-sayar da gidajen burodi, ta kuma wajabta wa wasu 33 sayar da kashi 40 cikin ɗari na hannun jarinsu kafin ƙarshen Maris 1974. A Idumota da Ereko da Balogun, inda Kwarori da Indiyawa suka daɗe suna riƙe da cinikin yadi, wannan doka ta buɗe ƙofa. To amma wa ke da kuɗin shiga? Wanda ke da asusu mai nauyi, ko babban ma'aikacin da manajan banki ya sani. Ɗan kasuwar Anacha da ya fito da fam 20 shekara biyu kacal da suka wuce ba ya cikinsu. Mai huhun goro a Agege ma ba ya ciki, ko da yana juya dubban fam, domin dukiyarsa tana cikin kaya da basussuka, ba ta cikin takardar da banki zai karɓa jingina. Arewa ta samu rabonta ne galibi ta hannun kamfanonin zuba jari na gwamnati irin su NNDC da wasu manyan gidajen kasuwanci ƙalilan na Kano.

To da me kasuwa ta tashi? Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Badun a 1962 da 1963, ya bayyana tsarin da Hausawa ke tafiyar da fataucin shanu da goro a ƙasar Yarabawa, kuma kowane ɗan zango a Agege zai gane shi. Falke ya sauka a gidan maigida, ya ci ya kwana, kayansa na cikin amana. Dillalan maigida su nemo mai saye. Mahauci ya ɗauki sa bashi, ya yanka ya sayar, sannan ya biya bayan 'yan makonni. Idan ya gudu, maigida ne zai cika. Babu takarda, babu lauya. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne mutunci, da sanin halin kowa, da Sarkin Hausawa da limamai masu sasanta rigima, da tsoron kada a daina ba mutum kaya. Wato maigida na yin aikin masauki da banki da inshora da kotu a lokaci guda, a kan la'ada. Wannan tsarin bai tsaya ba a lokacin yaƙi, kuma shi ya ciyar da Legas nama da albasa da wake sa'ad da birnin ke kumbura da kuɗin mai.

Ibo sun dawo da nasu salon. Ɗan kasuwa ya ɗauko yaro daga ƙauye, ya yi masa hidima a shago shekaru, sannan ya sallame shi da jari da kaya da sunan masu ba da bashi. Ta haka fam 20 da abin da dangi suka harhaɗa suka zama rumfunan kayan gyaran mota a Nnewi, da na kayan lantarki a Idumota da Alaba. Kenneth Nnebue, wanda fim ɗinsa na 1992 ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo ta Kudu, daga cikin irin waɗannan 'yan kasuwar kayan lantarki da kaset ya fito, Idumota kuma ta zama cibiyar rarraba finafinan. Ko Aliko Dangote, da ya fara harkar siminti a ƙarshen shekarun 1970, da rancen dangin mahaifiyarsa na gidan Dantata ya fara. Wani abin lura kuma shi ne batun gidaje. Bayan kashe-kashen 1966 da suka kori Ibo daga Arewa, laifin da bai kamata marubucin Hausa ya tsallake shi ba, da yawa daga waɗanda suka koma Sabon Garin Kano sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. A Fatakwal kuwa an ayyana irin waɗannan gidaje a matsayin dukiyar da aka yi watsi da ita, kuma taƙaddamar ba ta mutu ba har yau. Gida jingina ne, wanda aka mayar masa da nasa ya samu abin fara ciniki.

Ba ina cewa tsarin gargajiya ya wadatar ba. Yana da iyaka. Yana aiki ne cikin ƙabila ɗaya, don haka yana ƙara kaurin katangar da ke tsakanin jama'a, kuma ranar da rigima ta tashi, kamar ta kasuwar Mile 12 a Nuwamban 1999 ko ta Idi-Araba a Fabrairun 2002, dukiyar da ba ta da takarda ba ta da mai biyan diyyarta. Ba ya kuma iya gina madatsar ruwa ko ceto noma. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun share dalar gyaɗa daga Kano, kuɗin mai kuma ya sa shigo da abinci ya fi noma shi sauƙi. Ɗan manomin da ya taho Legas ci-rani a shekarun nan, ya zama ɗan dako a Idumota ko mai gadi a Ikeja, shi ma ɗan wannan farfaɗowar ne, sai dai ba a lissafa shi.

Tambayar da me kasuwa ke tashi ta sake dawowa da rikicin Boko Haram. Ƙididdigar da gwamnatin tarayya ta yi tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ta kiyasta ɓarnar Arewa maso Gabas a kusan dala biliyan 9, kuma a 2017 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar raya yankin. An gina gidaje da makarantu a Bama da wasu garuruwa, kuma ana buƙatarsu. Amma saboda dalilan tsaro an shafe shekaru wasu kasuwannin shanu a Borno suna rufe, an kuma hana fataucin kifin Baga, wanda ke kaiwa har kasuwannin Kudu. Kasuwar da aka rufe shekara uku, ko an buɗe ta, dillalanta sun watse, masu ba da kaya bashi sun karye, wanda ya san halin wane ya mutu ko yana sansanin gudun hijira. Ƙididdigar ɓarna tana ƙirga rufin kwano da azuzuwa, ba ta da gurbin wannan asara.

Da yawa daga matasan da suka rasa waɗannan sana'o'i Legas suka nufa, suka sauka a Agege da Mile 12 da Ijora wurin 'yan garinsu, aka tsaya musu suka karɓi babur suna biyan balas. A Fabrairun 2020 gwamnatin jihar ta taƙaita acaba, a Yunin 2022 kuma ta haramta ta baki ɗaya a ƙananan hukumomi 6, ta murƙushe dubban baburan da ta kama. Jihar na da hujjarta ta haɗurra da tsaro. Sai dai da yawan waɗannan babura ba a gama biyan kuɗinsu ba, kuma wanda ya tsaya wa yaron a zango shi ake bi.