Kayan gyaran Peugeot 504

Kayan gyaran Peugeot 504 su ne sassan inji, da na jiki, da kayan ƙawa da ake nema domin gyara ko farfaɗo da motar Peugeot 504, wadda a ƙasar Hausa aka fi sani da Fijo. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da motar a shekarar 1968, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka haɗa ta, har zuwa 2006. Tun da aka daina ƙera ta, wasu sassanta suka ci gaba da samuwa a kasuwa cikin sauƙi, wasu kuwa suka yi wuya ƙwarai. Ana bambanta gyara da farfaɗowa. Manufar gyara ita ce mota ta tashi ta yi aiki da duk abin da ya dace da ita. Farfaɗowa kuwa ita ce a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, don haka mai wannan aiki ya fi shan wahalar neman kaya.

Tarihin motar

An ƙera 504 a masana'antar Peugeot da ke Sochaux a gabashin Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. Ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. An daina ƙera ta domin kasuwar Turai a 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina har 1999, da Kenya har 2004. A Najeriya, masana'antar PAN da ke Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma 504 ta zama motar ma'aikatun gwamnati da ta haya tsakanin garuruwa. Jimillar waɗanda aka ƙera a duniya ta haura miliyan 3.

Bambancin samfura

Ba kowane sashen 504 ne yake shiga kowace 504 ba, kuma wannan shi ne babban abin da ke rikitar da masu nema. Motar ta fito a siffofi da dama: mai ƙofa huɗu, da wagon, da akori-kura, da mai ƙofa biyu, da mai buɗaɗɗen rufi. Injinan fetur sun haɗa da mai lita 1.8 da mai lita 2.0, wasu na aiki da kafireto, wasu da famfon fesa mai na Kugelfischer. Akwai kuma injinan dizil, da injin V6 da aka sa wa mai ƙofa biyu daga 1974.

Ƙarƙashin motar ma ya bambanta. A manyan samfuran mai ƙofa huɗu, kowace tayar baya tana motsi da kanta, birkin baya kuma na faifai ne. Wagon da akori-kura suna da gatarin baya guda ɗaya miƙaƙƙe, da birki na ganga. Motocin farko suna da giya a jikin sitiyari, na baya kuma a ƙasa. Waɗanda aka kai Amurka suna da fitilu huɗu masu da'ira, saɓanin manyan fitilu biyu da aka saba gani. Haka nan motar Kenya sitiyarinta a dama yake, ta Najeriya kuma a hagu, saboda haka dashbod da kayan sitiyarin ɗaya ba sa yi wa ɗaya.

Saboda waɗannan bambance-bambance, ana fara nema ne da lambar shasi, da lambar inji, da shekarar ƙira. Da su ake duba kundin kayan gyara na kamfani, inda kowane sashe yake da lambarsa.

Sassan da ke samuwa da waɗanda suka yi wuya

Kayan da ke ƙarewa da aiki, irin su fulogi, fanbel, kulochi, takalmin birki da matatar mai, ba su cika wahalar samu ba, domin kamfanoni masu zaman kansu suna yin su. Bugu da ƙari, Peugeot 505 da ta fito a 1979 ta gaji wasu injinan 504, don haka akan samu sassan da ke yi wa motocin biyu.

Waɗanda suka yi wuya su ne kayan jiki da na ƙawa: bamba ta asali, murfin fitilun baya, tambarin zaki, robobin ƙofa da na gilashi, yadin kujeru, da dashbod wanda rana ba ta fasa ba. Sassan famfon Kugelfischer ma suna da wuya, masu iya saita shi kuma kaɗan ne. Mafi wuya duka su ne kayan jikin mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi. A Italiya Pininfarina ya ƙera jikinsu, ƙofofinsu da gilasansu ba irin na sauran ba ne, kuma mai buɗaɗɗen rufi kimanin 8,000 kacal aka yi.

Rukunan kaya

Masu farfaɗo da motoci sukan kasa kaya gida huɗu. Na farko shi ne sabon kaya na asali da ya daɗe a shago ba a taɓa ɗaura shi ba, wanda ya fi kowanne daraja da tsada. Na biyu shi ne kayan hannu da aka cire daga wata mota, wanda a Najeriya ake kira tokumbo ko Beljiyam idan daga waje ya zo. Na uku shi ne kwaikwayo da wani kamfani ya sake ƙerawa, kuma ingancinsa yana bambanta. Na huɗu shi ne tsohon sashe da aka kwance aka sabunta, kamar kafireto ko lagireto.

Wuraren nema

A Najeriya ana neman kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, da Nnewi a jihar Anambra. A Ghana akwai Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Accra. A irin waɗannan kasuwanni mai saye yakan je da tsohon sashen a hannu domin a gwada, kuma tsofaffin kanikawa su ne suka fi sanin inda ake samun abin da ya ɓace.

A Faransa, ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai kula da gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a Sochaux a 1988, tana sayar da kayan tsofaffin motoci. Akan kuma samu kaya a baje kolin Rétromobile na birnin Paris, da wajen ƙungiyoyin masu irin motar, da shafukan cinikayya na intanet.

Wata hanyar ita ce sayen matacciyar mota sukutum a riƙa cire mata kaya. Idan abu ya gagara samuwa, akan ƙera shi: mai walda ya yanka ƙarfe ya maye wurin da tsatsa ta ci, ko a buga ƙananan robobi da na'urar ɗab'i ta 3D.

Matsaloli

Jabun kaya a cikin kwalin da ya yi kama da na asali matsala ce babba, musamman a kayan birki da na sitiyari, inda lalacewar sashe ɗaya kan jawo haɗari. Kayan roba kuma suna tsufa ko da ba a yi aiki da su ba, don haka tiyon birki da ya shekara 30 a shago ba abin dogaro ba ne, ko da na asali ne. Wannan ya sa ake fifita sabon kwaikwayo mai inganci a sassan da suka shafi tsaron rai, a bar na asali ga kayan ƙawa.

Yanayi ma yana da tasiri. A Turai, gishirin da ake zubawa a tituna lokacin sanyi yana sa jikin mota tsatsa. A yankin Sahel ƙarfe ya fi daɗewa saboda bushewar iska, amma rana tana fasa roba da dashbod. Ga kuma cinikin 'yan gwangwan: duk tsohuwar 504 da aka sayar a kan sikeli aka kai ta narkawa, ta tafi ke nan da sassan da ba a ƙara ƙera irinsu.