Shekara 28 Ana Jan Ƙafa Kan Hayaƙin Jiragen Ruwa

Fiye da kashi 80 cikin 100 na hajar da ake fatauci a duniya ta teku take bi, kuma galibin jiragen da ke dakonta baƙin mai suke sha, wato dagwalon da ke saura bayan an tace ɗanyen mai. Hayaƙinsu ya kai kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

Tushen matsalar shi ne rashin takamaiman mai alhaki. Jirgi ɗaya sai a tarar mai shi Bagirke ne, tutarsa ta Laberiya ce, kayan cikinsa na Sin, zai kuma sauke su a Legas. To wa za a ɗora wa hayaƙin? Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta miƙa batun ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, da ke Landan. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kuwa ko ambaton jiragen ba ta yi ba.

Ita ma IMO tafiyar hawainiya ta yi. Sai a 2011 ta kafa ƙa'idar tsimin mai ga sababbin jirage. A 2018 ta yi alƙawarin rage rabin hayaƙin kafin 2050, a 2023 ta ɗaga burin zuwa kawar da shi baki ɗaya a wajajen 2050. Tsibiran Marshal da na Solomon, waɗanda teku ke cin gaɓarsu, tun 2021 suka nemi a sa harajin dala 100 kan kowane tan na hayaƙi.

A Afrilun 2025 aka ga kamar haƙa ta cimma ruwa. Ƙasashe 63 suka goyi bayan wani tsari da zai shafi jiragen da suka wuce tan 5,000, mai tarar dala 100 ko 380 kan kowane tan da ya zarce ƙima. Amincewar ƙarshe kawai ta rage, kafin dokar ta fara aiki a 2027.

Sai gwamnatin Donald Trump ta yi barazanar hana biza da ƙara kuɗin shiga tashoshin Amurka ga ƙasashen da suka mara wa tsarin baya. Ranar 17 ga Oktoba, Saudiyya ta nemi a ɗage zaman amincewar ƙarshen da shekara guda. Ƙasashe 57 suka yarda, 49 suka ƙi.

Tarayyar Turai dai ba ta tsaya jira ba, domin tun Janairun 2024 jiragen da ke shiga tashoshinta suke biyan kuɗin hayaƙi. Amma ɗage zaman na IMO ya sa wahalar ta koma kan masu sayen sababbin jirage. Jirgi kan yi shekara 25 yana aiki, don haka wanda aka ƙera a 2025 zai kai 2050, alhali mai shi bai san ko injin methanol zai sa masa ba, ko na ammoniya, ko na baƙin man da aka saba.