Kokon Woleu-Ntem da Bashin da Ke Kanmu

Kafin man fetur ya mamaye arzikin Gabon, da gumin manomansa lardin Woleu-Ntem ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan ƙabilar Fang suna noman koko, fataken Hausawa da suka gangaro ta Kamaru suna kasa haja a Bitam da Oyem, kuɗi na juyawa a gida. Da kuɗin mai ya tumbatsa a shekarun 1970, samari suka kwararo Libreville, gonaki suka koma daji. Layin dogon da ya isa Franceville a 1986 kuwa bai bi ta arewa ba.

Da yawa daga cikinmu mazauna Akanda can ne tushenmu, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jarin da muka tara a nan, in mu ba mu mayar da shi can ba, wa zai mayar?