Wa Da Ƙane Ba Na Jini Ba: Tarihin Wani Aikin Sa Kai A Amurka

A shekara ta 1902 birnin Niyok ya buɗe kotu ta musamman domin shari'ar yara. Magatakardanta, Ernest Coulter, ya lura cewa yaran da aka hukunta su ne dai ke komowa gaban alƙali, galibinsu ƴaƴan talakawa waɗanda ba su da wani babba mai tsaya masu. A ƙarshen shekara ta 1904 ya yi wa wata ƙungiyar maza ta majami'a jawabi, ya roƙi kowannensu ya ɗauki yaro guda ya zame masa wa. Mutum 39 suka amsa. Daga nan aka sami ƙungiyar Big Brothers, wato manyan yayye, wadda kafin 1916 ta ƙare ta bazu cikin birane 96. Mata ma sun kafa tasu domin ƴan mata, sassan biyu kuma suka haɗe a 1977 da sunan Big Brothers Big Sisters.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Babba ɗaya, yaro ɗaya, babu albashi. Su haɗu lokaci lokaci, su yi hira, su duba aikin makaranta, su je kallon wasa. Shekaru da dama ba wanda ya ga dalilin tambayar ko abin yana da amfani, don a ganin jama'a alheri ba ya neman shaida.

Wanda ya nemi shaidar wani likita ne na jami'ar Harvard, Richard Cabot. Daga 1939 ya sa aka gudanar da gwaji a Cambridge da Somerville, garuruwa biyu na kusa da Boston. An jera yara maza 506 bibbiyu, kowane da tamkarsa wajen shekaru da halin gida, sa'an nan ƙuri'a ta raba su: ɗaya a ba shi mai kula da shi, ɗayan a bar shi yadda yake. Masu kulawar nan ma'aikata ne da ake biya, ba ƴan sa kai ba, amma manufarsu ɗaya da ta Coulter. Sun yi kimanin shekara biyar suna ziyartar yaran, suna kai su asibiti, suna taimakonsu da karatu, suna tura wasu sansanin hutu.

Bayan shekara talatin Joan McCord ta bi sawun yaran, a lokacin duk sun zama magidanta, ta fitar da sakamakon a 1978. Abin da ta gano ya sanyaya gwiwar mutane da yawa. Waɗanda aka taimaka sun fi takwarorinsu faɗawa shaye-shaye da ciwon tabin hankali da maimaita laifi, sun kuma fi su mutuwa da ƙuruciya. Abin mamaki, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka ba ta amsa sun ce shirin ya amfane su, suna tuna masu kula da su da alheri. Ashe godiyar wanda aka taimaka ba ma'auni ba ce. Wannan magana ce mai ɗaci ga duk malami ko shugaban ƙungiya da ke auna aikinsa da yabon yaransa. An kawo dalilai iri iri. Wasu suka ce an ɗaga wa yaran buri ne sa'an nan aka sake su. McCord da abokan aikinta daga baya sun nuna cewa waɗanda aka riƙa turawa sansanin hutu sun fi lalacewa, watakila domin tara kangararrun yara wuri guda makaranta ce ta koyon kangara.

Sai a 1995 Big Brothers Big Sisters ta sami nata hukuncin. Cibiyar Public/Private Ventures ta bi yara 959, ƴan shekara 10 zuwa 16, har wata 18, rabinsu an haɗa su da yayye, rabi suna jiran layi. A wannan karo sakamakon ya yi daɗi: yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin ɗari, ta fara shan giya da kashi 27, fashin makaranta ya ragu da kusan rabi. To amma ƙungiyar ta 1995 ba ta Coulter ba ce. Ta koyi tantance masu sa kai tun kafin ta damƙa masu yaro, tana karɓar alkawarin shekara guda aƙalla, kuma akwai ma'aikaci mai tuntuɓar yaron da iyayensa da wan nasa a kai a kai.

Alkawari kaya ne, alkaluman kuwa sun nuna nauyinsa. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes suka sake duba bayanan yaran nan 959 ta fuskar daɗewar zumuncin. Waɗanda yayyensu suka riƙe su shekara guda ko fiye su suka fi cin moriya, a karatu da zama da iyaye. Waɗanda kuwa zumuncinsu ya yanke kafin wata uku, an tarar sun ƙara raina kansu da ƙwazonsu na karatu, har sun koma baya da yaran da ba a taɓa ba su kowa ba.