Labarin Daniel Freeman, Manomin da Aka Fara Rubutawa a Littafin Filaye na Amurka

Ku ma'aikata, kun san ba abin da ya kai rigimar gona wahalar da alƙali. To, ga labarin wani mutum da ya riƙe tasa har ya mutu, don a ga abin da ya tsare masa ita.

Ran 20 ga watan Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan wata doka. Duk wanda ya kai shekara 21, ko magidanci ne, sai a yanka masa eka 160 a daji. Sharaɗi kuwa shi ne ya gina ɗaki, ya yi noma, ya zauna shekara 5. Kuɗin rubutu duka dala 18 ne.

Shi Freeman an haife shi a Ohio cikin 1826, ya kuma koyi aikin likita. An ce a daren da dokar za ta fara aiki ya lallashi akawun ofishin filaye na Brownville, a ƙasar Nebraska, ya buɗe masa ƙofa da tsakar dare, don yana da tafiya a gabansa. Ran 1 ga Janairu, 1863, aka rubuta sunansa a lamba ta ɗaya ta littafin.

Filin nan yana bakin rafin Cub, kusa da garin Beatrice. Cikin 1865 ya auri Agnes Suiter, suka tare a ɗakin gungume, suka haifi 'ya'ya 8. Da wa'adi ya cika cikin 1868, sai ya kawo maƙwabta biyu suka rantse cewa ya nome wajen eka 35, ya gina rumbu da garken tumaki, ya dasa itatuwan marmari fiye da 400. Sa'an nan cikin 1869 aka ba shi takardar mallaka.

Amma kada a ce dajin nan ba mai shi. Dā ƙasar kabilar Oto ce, aka karɓe mafi yawanta bisa yarjejeniyar 1854, cikin 1881 kuma aka kwashe su zuwa wata ƙasa a kudu. Alƙalamin da ya kafa wannan, shi ya tumɓuke waɗancan.

Freeman ya mutu ran 30 ga Disamba, 1908, yana da shekara 82, aka binne shi a gonarsa. Matarsa ta bi shi cikin 1931. Cikin 1936 gwamnati ta mai da wurin gidan tarihi.

Watau zufa ita ta share gonar, amma shaidu da rubutu su suka tabbatar da ita. Saboda haka duk wanda aka danƙa wa littafi, ya dubi hannunsa kafin ya rubuta. Layi ɗaya yana iya zama gādon wani, yana kuma iya zama korar wani.