Fim Huɗu da Hukuncin Birnin Washington

A Hollywood, can Jihar Kalifoniya, ake shirya yawancin fina-finan Amurka, amma sau da yawa a birnin Washington ake yanke musu hukunci. Nan fadar shugaban ƙasa take, da Majalisar Dokoki, da Kotun Ƙoli, kuma babu wadda ba ta taɓa sa baki a kan abin da ya kamata jama'a su kalla ba. Ana iya karanta tarihin wannan jayayya cikin wani jeri da Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki ya fitar a 1992, mai ɗauke da sunayen fina-finai 25 da za a adana domin na baya. Huɗu daga cikinsu sun isa misali.

Na farko shi ne The Birth of a Nation, wanda D. W. Griffith ya shirya. Ran 18 ga watan Fabrairu 1915 aka nuna wa Shugaba Woodrow Wilson shi a fadar White House, bisa roƙon Thomas Dixon, mai littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, wanda suka san juna da Wilson tun suna ɗalibai a Jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore. Kashegari kuma aka nuna wa alƙalai da 'yan majalisa shi a wani otal. Fim ne na wajen sa'a uku, wanda aka zuba gwaninta wajen ɗaukarsa, amma ya mai da baƙar fata abin tsoro da abin dariya, ya kuma mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jarumai. Ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙar fata ta yi iya ƙoƙarinta a hana nuna shi, masu fim kuwa suka riƙa kafa hujja da cewa ai har a fadar shugaban ƙasa an kalla. Kafin shekarar ta fita an sake kafa ƙungiyar Klan a Jihar Jojiya.

Kwana biyar bayan kallon da aka yi a fada, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cikin wata shari'a dabam cewa fim sana'a ce ta neman kuɗi kurum, saboda haka 'yancin faɗar albarkacin baki bai shafe shi ba. Wannan ya ƙarfafa hukumomin tace fina-finai na jihohi da birane, suka ci gaba da sa almakashi yadda suka ga dama. Sai a 1952, watau bayan shekara 37, kotun ta janye wannan hukunci.

Na biyu shi ne Within Our Gates, na Oscar Micheaux, wani baƙar fata da ya fara da noma, ya koma rubuce-rubuce, daga nan ya shiga harkar fim. A zamanin nan manyan gidajen sinima na tsakiyar Washington ba su maraba da baƙar fata, sai dai su nufi unguwarsu, inda aka buɗe gidan wasa na Howard a 1910, daga baya kuma na Lincoln a titin U a 1922. A watan Yuli 1919 aka yi kwanaki ana tarzoma tsakanin farare da baƙaƙe a titunan birnin. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairu 1920, Micheaux ya fito da fim ɗinsa, inda ya nuna yadda gungun farare ke rataye baƙar fata ba tare da shari'a ba. Masu tace fina-finai na Chikago sun yi ta jan ƙafa kafin su yarda a nuna shi, ba a kuwa gayyace shi wata fada ba. Daga baya ya ɓace, har aka fid da rai, sai can aka gano kwafi guda ɗaya tak a ƙasar Sifen, da sunan La Negra. Daga wannan kwafi ma'aikatan ɗakin karatun suka gyara shi a 1993.

Na uku ya samo asali ne daga watan Oktoba 1947, sa'ad da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya kira mutanen Hollywood zuwa Washington, yana bincike ko akwai 'yan gurguzu a cikinsu. Goma suka ƙi amsa tambayar ko suna cikin jam'iyyar Kwaminis. Aka same su da laifin raina majalisa, aka ɗaure su, kamfanoni kuma suka toshe musu hanyar cin abinci. Ɗaya daga cikinsu, Herbert Biberman, da ya fito kurkuku sai ya haɗa kai da waɗansu da aka kora, suka shirya Salt of the Earth, a kan yajin aikin masu haƙar ma'adinai a Jihar New Mexico. Tun ana cikin ɗauka aka la'anci fim ɗin a zauren majalisa, aka kuma tasa ƙeyar tauraruwarsa, Rosaura Revueltas, zuwa ƙasarsu Meksiko. Da ya fito a 1954, 'yan gidajen sinima kaɗan ne suka yi ƙarfin halin nuna shi.

Na huɗu, Bonnie and Clyde na 1967, labarin wasu 'yan fashi ne saurayi da budurwa, wanda aka cika shi da harbi da jini. Babban mai sharhin fim na jaridar New York Times, Bosley Crowther, ya yi ta sukarsa, amma matasa suka yi ta tururuwa zuwa kallo. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Jack Valenti, tsohon na hannun daman Shugaba Lyndon Johnson, wanda tun 1966 yake shugabancin ƙungiyar manyan kamfanonin fim daga ofishinta na Washington, ya ga tsohuwar dokar tacewa ta kamfanonin ba ta da sauran ƙarfi. Daga ran 1 ga Nuwamba 1968 aka koma sa wa kowane fim harafin da ke nuna shekarun da suka dace da kallonsa, aka bar wa iyaye zaɓi.

A 1988 Majalisa ta kafa dokar adana fina-finai, tun daga 1989 kuwa kowace shekara ake zaɓen 25. Sharaɗin shi ne fim ya kai shekara goma, ya kuma zama yana da muhimmanci wajen al'ada, ko tarihi, ko gwanintar aiki. Kowane mai kallo yana da damar aika sunan wanda yake so a duba. Ta haka fim ɗin da aka karrama a fada, da wanda ya ɓace, da wanda aka la'anta, da wanda aka kushe, suka haɗu cikin jeri guda. Shiga jerin ba yabo ba ne, shaida ce ake ajiye wa masu zuwa domin su yanke nasu hukunci. Tun 2007 ɗakin karatun yake tara fina-finansa a wata babbar ma'ajiya a Culpeper, cikin Jihar Bajiniya.

Amma an makara a kan masu yawa. Wani rahoto da ɗakin karatun ya buga a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta baki ɗaya. Wannan abin lura ne ga ƙasar Hausa, inda aka fito da Turmin Danya a Kano a 1990, aka kuma kafa hukumar tace fina-finai ta jihar a 2001. Ra'ayi a kan fim yana iya juyawa bayan shekara talatin ko saba'in, amma sai in fim ɗin yana nan. Kaset ɗin da zafi da ƙura suka cinye, ba wanda zai sake duba shari'arsa.